Ruwan Kajin Malam Salmanu

Malam Salmanu mutumin ƙasar Madawa ne, daga wani gari na bakin fadama inda kowa manomin albasa ne. Yana saurayi aka turo shi Faransa karatun kimiyya a Villeurbanne, a jikin birnin Lyon, da niyyar in ya gama ya koma Yamai ya koyar. Karatun bai kai inda aka so ba. Malamin da ke duba aikinsa ya samu wuri a wata ƙasa ya tafi, wanda ya gaje shi kuma bai damu da binciken Salmanu ba, aka yi ta jan ƙafa har ya gaji. Sai ya karɓi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar injiniyoyi, yana gyara na'urorin awo, yana shirya wa ɗalibai kayan aiki kafin su shigo. Da farko cewa yake na ɗan lokaci ne. A nan ya yi furfura.

Ya je gida ya auro Latifa, 'yar Maradi, mace mai kazar-kazar da son mutane. Suka zauna a ɗaya daga cikin dogayen benayen Minguettes, a Vénissieux, suka haifi 'ya ɗaya, Inès. Latifa ta samu aiki a wurin dafa abincin 'yan makaranta. Ita ke zuwa biki da suna da taron 'yan Nijar, ita ke kawo labari gida. Shi kuwa ba mai yawan magana ba ne. A masallaci an san shi da abu biyu: ba ya makara, kuma in lasifika ta lalace shi ake nema.

Shekarar da Inès ta tafi Paris karatun jinya, gidan benen ya yi musu faɗi, hayaniyarsa kuma ta ishi Salmanu. Suka samu wani tsohon ƙaramin gida na haya a gefen gari, bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya. Mai gidan wata tsohuwa ce da za ta koma wurin ɗanta. A bayan gidan akwai fili ɗan madaidaici, ana sauka cikinsa ta 'yan matakalan siminti daga ƙofar madafa, can ƙarshensa kuma ga akurkin katako da kaji a ciki. Tsohuwar ta ce ba ta da inda za ta kai su, in sun so su riƙe, in sun so su yanka.

Latifa ta ce a yanka. Salmanu ya ce a bari zuwa Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ba a sake tayar da maganar ba.

Kiwon kaza ba baƙon abu ba ne gare shi. Mahaifiyarsa ta yi, kuma ya taso yana ganin yadda ake yi. Abin da bai sani ba shi ne kiwon kaza a ƙasar da ruwa ke zama dutse. Ya daɗe a Lyon, ya saba da sanyinta, amma sanin mai fita daga ɗaki mai ɗumi ya shiga taragon jirgi mai ɗumi ne. A watan Fabrairu na farkonsu a gidan aka yi wani irin ɗari da tsofaffin garin suka ce sun jima ba su ga irinsa ba. Ya fito da safe ya tarar da kajin sun kewaye kwanon ruwansu suna ta sara da baki, kwanon na ƙara kamar ana buga ƙarfe. A gida damuwar mai kaji ita ce kada ruwa ya ƙafe ko ya yi zafi a rana. Ya tsaya ya kalle su na ɗan lokaci, sannan ya koma ciki ya ɗora buta a wuta.

A satin nan ƙwai ya ɗauke. Ya lura kajin suna cin tsaba kaɗan su bari, domin kaza ba ta iya cin busasshen abinci ba ruwa. Da safe in ya zuba musu na ɗumi sai su sha kamar ba za su daina ba. Kafin ya dawo daga aiki ya sake daskarewa.

Daga nan ya shiga neman dabara, kuma ya yi shekaru yana yi. Kwanon ƙarfen da tsohuwar ta bari shi ya fi saurin kama sanyi, sai ya musanya shi da baƙar roba mai kauri irin wadda magina ke kwaɓa siminti a ciki, ya ajiye ta inda rana ke fara sauka. Roba tana da wani amfanin: in ta daskare sai ya kife ta ya taka, ƙanƙarar ta faɗo gaba ɗaya kamar faifai. Wani abokin aikinsa ya ce ya jefa ƙananan ƙwallaye marasa nauyi a ciki, iska ta riƙa kaɗa su, ruwan ya kasa kwanciya. Ya jefa. Amma katanga ta kare iska a filin, da safe ya tarar da ƙwallayen a kafe cikin ƙanƙara. Aka ce ya cika kwalba da ruwan gishiri ya toshe bakinta sosai ya sa ta yi iyo a ciki. Ya gwada, ya ara ma'aunin zafi daga wurin aiki ya auna, ya ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Tsohuwar tayar mota da ya cusa wa busasshen haki ya zaunar da robar a tsakiyarta, ita ce ta ɗan yi tasiri, takan jinkirta daskarewar zuwa bayan azahar. Ya taɓa kunna kyandir a cikin ramin bulo ya ɗora kwano a kai. Da ya dawo ya ji ƙaurin haki, shi da kansa ya kashe bai sake ba.

Wata shekara ya sayi wani farantin wuta da ake yi domin wannan aikin, ana ɗora mashayar kaji a kai. Ya jawo doguwar waya daga madafa, ta ƙarƙashin ƙofa, ta bi gindin katanga har akurki. Abin ya yi aiki yadda ake so. Sai wani ƙarshen mako da suka je Paris ganin Inès, ɓera ya ɓalgaci wayar, danshi ya shiga, wutar madafar ta yanke gaba ɗaya. Suka dawo suka tarar babban firigon Latifa ya narke, da sauran naman layya da kifin da ta yi ajiya, duk sun lalace.

Latifa ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe abin da za a zubar, ta wanke firigon, ta wanke hannunta, sannan ta same shi a falo.

"Malam, ko dai kajin nan su yi haƙuri da sanyi kamar sauran tsuntsayen Allah, ko kai ka kai musu ruwa da hannunka. Amma waya ba ta ƙara ratsa mini madafa."

"Ai ana iya sa ta cikin tiyo, ɓera ba ya kai gare ta."

"Na ji. Ba ta ƙara ratsawa."

Ya naɗe wayar ya ajiye. Tun daga ranar ya koma kai ruwa da hannu. In ya idar da sallar asuba sai ya ɗora buta, ya sa babbar rigar sanyi a kan jallabiyarsa, ya sauka matakala. Ya kife roba, ya taka, ya zuba ruwan sanyi, ya surka da na zafi har ya ji da yatsa ya yi daidai, sannan ya buɗe akurki. In ya dawo daga aiki ya maimaita. Da ya ajiye aiki sai ya ƙara zuwa ɗaya da tsakar rana. Kajin tsohuwar suka tsufa suka ƙare, ya riƙa sayo 'yan tsaki daga kasuwar wani ƙauye a wajen Lyon. Ƙwan ya fi ƙarfin mutum biyu, Latifa ke rabawa, har matan Minguettes suka saba da kiran ta in za su yi baƙi.

Sanyin da ke daskarar da ruwa a Lyon ba ya daɗewa, wani lokacin 'yan makwanni ne a shekara, wata shekarar ma da ƙyar a gan shi. Amma ba a san ranar da zai zo ba, don haka Salmanu ya daina kwana a waje daga Disamba har ƙarshen Fabrairu. Zuwa Nijar sai da damina, zuwa Paris sai da bazara. Mutane suka sani, suka daina gayyatarsa a wannan tsakanin. Wasu na dariya a bayan idonsa, suna cewa Malam ya yi karatun boko mai zurfi ya ƙare a shayar da kaji. Maganar ta kai kunnensa, ya ci gaba da kai wa kajinsa ruwa.

Inès ta gama karatu ta samu aiki a wani asibiti, ta auri Ilyes, ɗan wasu 'yan Damagaram da ke zaune a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, suka kama gida kusa da iyayensa. Haihuwarta ta fari ta faɗo a watan Janairu. Latifa ta haɗa kayan jego, da kanwa da yaji da garin kunu, ta tafi tun kafin a haihu, da niyyar sai an yi arba'in. Da aka sauka lafiya, namiji, Inès ta kira mahaifinta. Suka gaisa a gajarce.

"Baba, Maman ta ce wai kwana ɗaya za ka yi."

"Ina zuwa suna in sha Allah. In kwana, in komo."

"Saboda kaji."

"Saboda ɗari. An ce satin ga yana da ƙarfi."

"Papa, franchement, tsakani da Allah. Jikanka na fari ne fa."

Yana jin kukan jaririn daga nesa. Daga baya ta ce to, Allah ya kawo shi lafiya.

Ya je. Aka raɗa wa yaro suna Alasan, ya karɓe shi ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ci abinci da surukai, ya kwana a kan kujerar falo. Washegari ya hau jirgin ƙasa ya koma. A ranar da ba ya nan wani ɗan Tawa mai suna Issa ya je ya duba kajin. Issa magidanci ne, yana tuƙa injin ɗaga kaya a ɗaya daga cikin ɗakunan ajiyar nan, kuma lokacin da ya fara zuwa Faransa a ɗakin Salmanu ya sauka, shi ya sa har yau Kawu yake ce masa.

Bayan 'yan kwanaki da dawowarsa abin ya faru. Ruwan da ya ɗiga daga buta da yammacin jiya ya daskare a kan matakala, siriri, ba a ganinsa. Ya fito da safe da buta a hannu, ya taka, ƙafar ta tafi. Ya faɗi a kan ƙugunsa na hagu, ruwan zafin ya kwarara a hannunsa. Ya yi yunƙurin tashi ya ji ba hali. Wayarsa tana ciki a kan tebur. Ya yi kira, amma muryarsa ba mai nisa ba ce ko da lafiyarsa ƙalau, tagogin maƙwabta kuma duk a rufe. Ya ja rigar sanyin ya rufe kansa ya kwanta yana salati.

Kajin ne suka ga an wuce lokacin buɗe musu, suka dinga kuka ba ƙaƙƙautawa. Matar gidan da ke jikin nasu, wata Bafaransa da ba su wuce gaisuwa da ita ba, ta ji abin ya yi yawa, ta leƙo ta kan katanga ta gan shi. Ita ta kira 'yan kwana-kwana, waɗanda a can su ke ɗaukar wanda ya ji rauni. Kafin su iso ta tsallako da bargo. Abin da ya fara roƙonta shi ne ta buɗe akurkin ta fasa ƙanƙarar.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Latifa ta bar mai jego ta zo, ta zauna a gefen gadonsa, ba ta ambaci kaji ba ko sau ɗaya. Da aka sallame shi daga wurin koyon tafiya, ba a yi shawara da shi sosai ba. Ilyes ya zo da mota, aka shimfiɗa masa kujera, aka kai shi Clichy-sous-Bois, inda matarsa da 'yarsa za su iya haɗa jinyarsa da renon jariri.

Kajin suka koma hannun Issa. Shi kuma aikin safe yake, ba ya samun zuwa sai la'asar, sanyin kuwa ya ɗan lafa ya sake dawowa. Kullum Salmanu na kiransa.

"Kawu, ina gajiya? Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ka tahi?"

"Yanzu na hito. Na tarar ya daskare har ƙasa. Na fasa, na zuba, sun sha."

"Tun jiya ke nan ba su sha ba."

"To Kawu, mi za ni yi? Ba ni iya barin aiki."

Akwai wata dabara da Salmanu ya daɗe da sani bai taɓa yi ba. Taki in ya taru yana ruɓewa zafi yake fitarwa, duk wanda ya taɓa tona juji da sanyin safiya ya ga tururi. Ya sha cewa zai gwada, sai ya ga ai ga shi ga buta, ya bari. Yanzu ya zayyana wa Issa yadda za a yi. Ranar Asabar Issa ya ari motar wani abokinsa, ya je wani wurin koyon hawan doki ya roƙo kashin dawaki haɗe da hakin shimfiɗarsu, ya kwaso tsofaffin katakon ɗora kaya daga wurin aiki. Ya jingina wayarsa a katanga yadda Salmanu zai riƙa gani. Daga kan gado a Clichy, da jariri yana barci a gefensa, Salmanu ya riƙa ba da umurni: a haɗa katakon kamar akwati a jikin akurki, a zuba taki, a bi da busassun ganye da sharar akurkin, a yayyafa ruwa kaɗan, a sake zubawa. A tsakiya a binne bokiti har wuya, a rufe shi da katako, a bar kafa a gefe daidai kan kaza. A jingina wani katakon ya zama hawa.

"Kada ka danne shi da yawa. Yana son iska."

"Kawu, warin ga maƙwabta za su yarda?"

"Ka rufe sama da ganye. Kwana biyu ya kwanta."

Bai yi zafi nan da nan ba. Issa ya fara cewa aikin banza suka yi, sai wata la'asar ya cusa hannu cikin tulin ya ji ɗumi. Daga nan ruwan bokitin ya daina daskarewa har ƙasa. In daren ya yi tsanani yakan yi ɓawo siriri a sama, wanda kaza ke hudawa da baki. Kajin sun ɗauki lokaci kafin su yarda su hau katakon. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwa, Issa ya tarar da ita a mace wata rana a lungun akurki. Ko sanyi ne, ko ƙishirwar kwanakin baya, ko tsufa, ba wanda ya sani. Ya gaya wa Salmanu, shi kuma ya ce Allah ya sa iyakar hasarar ke nan.

Zaman Clichy bai yi masa daɗi ba da farko. Gidan ƙarami ne, mutane na shiga da fita, surukai da maƙwabta 'yan Mali da 'yan Senegal masu zuwa barka da dubiya a haɗe. Amma da yake shi ne kullum a zaune wuri ɗaya, sai ya zama shi ake miƙa wa Alasan in hannu ya yi yawa. Yaron ya saba da ƙirjinsa. Inès takan fito daga wanka ta tarar su biyun sun yi barci.

Da sanyi ya wuce ya fara takawa da sanda, ya ce lokacin komawa ya yi. Latifa ta bari sai da suka kaɗaita.

"Malam, ni dai na gama zaman Lyon. Aiki na ajiye, ɗiyata tana nan, jikana yana nan. Inès ta samo mana gida a ƙasa, ba hawa, nan kusa."

"Kun riga kun gama magana ke nan."

"Ba mu gama ba, ga shi ina yi da kai. In ka ce sai ka koma, ba ni hana ka. Amma ranar da ka faɗi, da matar can ba ta leƙo ba, sai dai a kira ni a gaya mini. Ba ni son in sake jiran irin wannan kiran."

Ya yi kwanaki yana fita da sandarsa yana zagaya unguwar, ya gano masallaci, ya gano inda ake sayar da burodi. Wata safiya yana shan shayi ya ce wa Ilyes ya duba ranar da zai samu hutu, su je su kwaso kaya.

A watan Afrilu suka je. Tulin takin ya zauna ya yi baƙi, kajin sun koma ƙwai. Issa ba shi da wurin ajiye su a bene. Salmanu ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyar da ta cece shi, ya yi mata godiya yadda ya kamata, ya tambaye ta ko tana son kaji. Ta ce ta daɗe tana sha'awa. Ya ba ta matasan, da robar da tayar da sauran tsaba, ya tsaya a kan sandarsa ya bayyana mata abin da za ta yi in Disamba ta zo. Ta ce tana da wuta a ɗakin ajiyarta na baya, za ta sayi farantin. Ya ce hakan ma ya yi, ta dai sa wayar cikin tiyo. Tsofaffin biyu da suka daina ƙwai shi ya yanka su da hannunsa, Issa ya fige, aka tafi da su Paris cikin ƙanƙara. Latifa ta yi farfesu.

Yanzu suna zaune a Clichy-sous-Bois. Ƙafar ba ta koma daidai ba, yana ɗan ɗingishi, in za a yi ruwa yana ji a ƙashin. Da rana shi ke tura keken Alasan zuwa filin wasa, yana dogara da shi maimakon sanda. A bayan wasu benaye na unguwar wata ƙungiya tana da garka ta haɗin gwiwa, da akurki a ciki, mazauna na karɓa-karɓa wurin kula da shi. Inès ce ta kai shi ta gabatar da shi. Aka ba shi ranar Alhamis. Mashayarsu ta zamani ce, tana ɗumama kanta, ba ta bukatar kowa. Ya duba ta ciki da waje ya ce aikin ya yi kyau. Shi dai yakan share, ya canza haki, ya tattara ƙwai ya kai inda ake rabawa. Matasan wurin Tonton suke ce masa, wato Kawu. Kajin jajaye ne duka, iri ɗaya, har yanzu bai gama bambance su ba. Yana zuwa kowace Alhamis, sai ranar da ƙafar ta hana shi, sai ya kira ya ce a samu wani.